Sanarwa: zaman shirin fim ɗinmu na katun

Assalamu alaikum ƴan uwa, da fatan kowa ya wuni lafiya.

Ranar Asabar mai zuwa, bayan sallar la'asar, za mu haɗu a ɗakin da muka saba, nan unguwar Zariya, kan fim ɗin Gizo da Ƙoƙi.

Na san wasu sun ƙosa a hau kwamfuta a fara motsa zane. Ku ƙara haƙuri. A kowace daƙiƙa ta fim hoto 24 ke wucewa, ko da an riƙa maimaita kowane zane sau biyu, sai an yi zane 12. Minti 3 ɗin da muke so kenan zai ci zane 2160. Idan labarin bai zauna ba, duk wannan wahala za ta tafi a banza.

Don haka ranar za mu fara karanta rubutun da babbar murya, mu cire abin da bai da amfani. Daga nan mu jera labarin a ƙananan zane, mu manna a bango, mu ga inda za a matso kusa da fuskar Gizo da inda za a nuno gona daga nesa. Masu zane, kowa ya zo da Gizonsa ta gaba, ta gefe da ta baya, har da fuskar fushi da ta dariya, mu tsayar da guda. Masu murya ku haddace layukanku, domin muryar ake fara ɗauka, sannan a zana baki ya bi ta.

Kowa ya taho da fensir da sefa 500 na takarda. Wanda ba zai samu zuwa ba ya faɗa nan kafin Juma'a.

Allah ya kai mu lafiya, na gode.