Tafiyar hunturu zuwa Kwatano: a ƙirga zango, a bar ƙirga kilomita

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da kai da ma'aikatanka, sannunku kuma da sanyi. Gardamar da muke yi da babban ɗana ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ya sami hutun ƙarshen shekara na kwana goma, yana son ya ɗebi iyalinsa a mota su ga ƙasar waje, sai ya kawo mini tsarin da ya rubuta: daga Birnin Kebbi zuwa Kwatano, a wuce Lome, a shiga Akara, a leƙa Kumasi, a dawo. Na karanta har ƙasa, na ce masa wannan ai ba hutu ba ne, gudun hijira ne da kwandishan. Ya yi dariya, ya ce Baba zamani ya canja. Tunda na san ba shi kaɗai ke irin wannan lissafi ba, na ga ya dace in faɗi abin da na gani a shafinku, ko wani ya ƙaru.

Sau biyu na bi hanyar Kwatano. Na farko rakiya na yi wa wani abokina da ya je sayen mota, tun kafin gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a farkon 2017. Mun tashi bayan sallar asuba, muka yi ta zabga gudu kamar ana bin mu, ba tsayawa sai shan mai da salla. Da na dawo uwargida ta tambaye ni yaya Jamhuriyar Benin take. Wallahi na rasa abin faɗa, don abin da na gani bai wuce bayan tireloli ba. Na biyun shi ne a hunturun da ya gabaci rufe iyakoki na watan Agustan 2019. Mu shida ne cikin tsohuwar Sienna: ni, uwargida, ƙanena da ke karɓa ta tuƙi, da yara uku. Hanya ɗaya ce, amma sai ka ce wata ƙasa muka je.

Bambancin daga wajen kakata ya fito, Allah Ya jiƙanta. Mahaifinta mutumin Jega ne, ya yi fataucin goro zuwa Gwanja da jakuna. Takan ba mu labari cewa fatake ba sa cewa tafiya mil kaza ce, sai dai su ce zango kaza. Madugu ne ke yanke inda za a sauka, kuma abin da yake dubawa shi ne ruwa, abincin dabbobi da amincin wurin. Tun rana na sama ake sauke kaya. Garuruwan da muke wucewa a guje yanzu, irin su Faraku da Jugu, tsofaffin masaukan ayarin goro ne a kan hanyar Salaga ta ƙasar Gwanja, shi ya sa har yau kusan duk babban garin da ka shiga a yankin, har Kwatano da Kumasi, za ka tarar da unguwa mai suna Zango, da masallaci, da mai shayi da zai amsa maka sallama da Hausa. To sai na ce mu ma mu yanka tafiyarmu zango zango. Dokar da na kafa ita ce kada mu wuce kilomita 200 da 'yan kai a rana, kuma la'asar ta same mu a masauki.

Ranar farko kusan duk a iyaka ta ƙare, kuma da ma haka na tsara. Mun bi ta Kalgo da Bunza zuwa Kamba, muka shiga Gaya ta Nijar, muka haye gadar Kwara zuwa Malanbil. Iyaka biyu ke nan a wuni ɗaya, kowace da teburinta da hatiminta. Wanda ya sa wa ranar iyaka wani buri daban, shi ne ke fara ɗaga wa jami'i murya, daga nan kuma an shiga uku. Takardun da muka riƙe su ne fasfo, katin rigakafin shawara mai launin ɗorawa na kowane mutum har da yara, lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, takardun mota na asali, inshorar ECOWAS da direbobi ke kira buron kati, sai takardar izinin shiga da mota da ma'aikatan duwan, wato kwastan, ke bayarwa. Duk da haka sai da aka kama mu da laifi. A wani shinge aka nemi tukunyar kashe gobara, muka nuna, aka nemi alwatikan nan mai ƙyalli, muka nuna, sai aka ce ina akwatin magani. Babu. Mun yi kusan awa ɗaya a gindin bishiya ana Faransanci da hannu kafin aka sallame mu. Da muka isa gari na sayi akwatin, kuɗinsa bai kai abin da na rasa a shingen ba.

A kasuwar Malanbil ne yara suka sami abin dariyar da har yau ba su bari ba. Uwargida ta taya albasa, mai kaya ya ce mata dala ɗari. Autanmu ya zaro ido, ya zaci dalar Amurka ake nufi. A can dala ɗaya sefa biyar ce, dala ɗari sefa 500 ke nan, jika guda kuma sefa 1,000. Duk mai niyyar tafiya ya zauna ya haddace wannan ƙirga tun a gida, in ba haka ba ko dai ya cuci kansa ko ya zargi bawan Allah da tsawwalawa. Ya kuma tuna cewa sefa a ɗaure take da kuɗin Yuro, 655.957 kowane Yuro ɗaya, ba ta motsi, nairarmu ce ke rawa. Ni na canja abin da zai ishe mu tun a Kamba, na raba shi gida uku, kashi ɗaya na ba uwargida ta ɓoye inda ni ma ban sani ba.

Mun kwana a Kandi, wajen kilomita 100 daga Malanbil. A nan na gane amfanin tashi a makare. Hazon Disamba a arewacin Benin ɗaya yake da namu, da sassafe ba ka ganin gabanka sosai, ga lokacin ɗibar auduga ne, manyan motoci sun yi lodi har ya fi ƙarfinsu, wasu ba fitilar baya. Saboda haka ba ma tashi sai rana ta ɗaga, mun karya kumallo, ƙanena ya buɗe gaban mota ya duba ruwa da baƙin mai, ya kakkaɓe matatar iska da ƙura ke toshewa. Ƙarfe takwas da rabi muke hawa titi. Muna kuma yin sallar ƙasaru, rangwamen da Allah Ya yi wa matafiyi, muddin ba mu yi niyyar zaman kwana huɗu a gari ɗaya ba.

Faraku ta ci kwana biyu, kuma ita ce wurin da na fi so a duk tafiyar, ko da yake babu wani abin a zo a gani da ake bugawa a kalanda. Ƙanena yana jin Dandanci saboda ya yi aiki a Kamba, sai ga shi harshen nan yana ci a kasuwar Faraku kamar a gida. Muka ci sakwara da miyar gyaɗa da wagashi, cukun nan na Fulani mai jan baya da ake soyawa. Bayan sallar azahar wani dattijo a unguwar Zango ya ji mun ce daga Kabi muke, ya riƙe hannuna ya ƙi saki, ya ce kakansa daga wajen Argungu ya zo da ayari, ciwo ya kwantar da shi, ayari ya wuce, shi kuma ya yi aure ya zauna. Mun yi hira har la'asar, yana tambayar ko har yanzu ana su a Matan Fada. Da a tafiyata ta farko ce, da ƙurar motarmu kaɗai zai gani. A garin ne kuma layin dogon da ya taso daga Kwatano ya tsaya, bai ƙarasa Nijar ba, abin da ya sa tireloli suka mallake hanyar arewa.

Daga Faraku zuwa Dasa wata 200 ce da ɗoriya, gari ne a tsakanin duwatsu, kwana ɗaya ya ishe shi. Abin lura a nan shi ne sanyi yana fara sakin mutum. Rigunan sanyi da man kaɗanya da basilin da muka cika jaka da su, daga Dasa zuwa kudu sun zama kaya kawai. Bakin teku ko a Disamba gumi ake yi, kuma sauro bai san hunturu ba, don haka gidan sauro da maganin zazzaɓi su ne abin ɗauka.

A Abome, kusa da Bohikon, muka ga fadojin sarakunan Dahome, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1985. Ginin ƙasa ne ja, da zane a bango, kowane sarki da tambarinsa. Mai yi mana bayani ya nuna takaicinsa cewa Faransawa sun kwashe kujerun sarauta da gumaka lokacin da suka ci Sarki Behanzin da yaƙi a shekarun 1890. Daga baya na ji a rediyo, a Nuwamban 2021, Faransa ta mayar da guda 26. 'Yata ta tsakiya labarin mayaƙa mata ne ya tsaya mata a rai, har ta ce ashe ba Zazzau kaɗai ke da jarumai mata ba.

Kwatano kuwa ban ba ta fiye da haƙƙinta ba. Mun ajiye mota a masauki, don tuƙi a cikin 'yan acaɓar nan masu rigar ɗorawa, da suke kira zemijan, sai wanda ya saba. Uwargida ta yi wuni guda a kasuwar Dantokpa tana zaɓen atamfa. Muka shiga kwalekwale zuwa Gambiye, ƙauyen da aka gina a kan ruwan tafkin Nokuwe, wanda ya tuna mini da masuntan Yawuri. Sai Wida, wajen kilomita 40 yamma da Kwatano. Daga cikin gari zuwa bakin teku akwai hanyar yashi ta kusan kilomita huɗu da aka riƙa kora bayi a kanta zuwa jiragen ruwa, a ƙarshenta an gina wata ƙofa ta tunawa da waɗanda suka fita ba su dawo ba. Na gaya wa yara cewa cikin mutanen da aka fitar ta wannan gaɓar teku har da Hausawa Musulmi da suka ƙare a Bahiya ta ƙasar Birazil. Babu wanda ya yi magana a mota har muka koma masauki. Gargaɗi ɗaya: tekun nan yana da ja, kada a bar yaro ya shiga ko da zuwa gwiwa.

Akwai rana guda da na bari fayau a takardata, ban rubuta mata komai ba. Ƙanena ya yi ta yi mini tsiya a kanta, wai asarar kuɗin ɗaki. A hanyar dawowa bel ɗin injin ya tsinke kafin mu shiga Faraku, ranar nan ce ta biya bashin. Bakanike ya yi aikinsa a natse, mu kuma muka koma wajen dattijon nan muka sha fura.

Ba zan ɓoye wa masu karatu ba, Malam Edita, hanyar da na bayyana ba yadda na bar ta take ba. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 an rufe gadar Gaya da Malanbil, kuma Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025. An kai hare-hare a arewacin Benin, musamman wajen gandun dajin W da na Panjari, mu ma nan gida mun san abin da yankunanmu na iyaka ke fama da shi. Cire tallafin mai a Mayun 2023 ya sa kuɗin man tafiya ya ninka ba sau ɗaya ba. Jiharmu tana da iyaka kai tsaye da Benin ta ƙaramar hukumar Bagudo, wajen Tsamiya zuwa Segbana, akwai kuma ta Cikanda a Jihar Kwara zuwa Nikki, sai ta Seme a Legas. Wadda za a bi, direbobin tasha da jami'an shige da fice ake tambaya a makon tafiyar, don maganar iyaka ta jiya ba ta yi wa yau aiki. Gandun daji a cire shi daga lissafi, tafiyar dare kuma ko da kyauta aka ba ka kada ka karɓa.

Shi dai ɗan nawa mun kai ga sulhu. Ya soke Kumasi da Akara, ya bar Lome da alamar tambaya, bayan na tuna masa cewa kowace sabuwar iyaka wuni guda take ci, kuma agogon Togo yana bayan namu da awa ɗaya. Ya yarda da kwana biyu a Faraku in hanya ta yi kyau. Abin da ya rage muna ja a kai shi ne ranar da ba a rubuta mata komai ba: shi yana ganin ɓarna ce, matarsa kuma ta goyi bayana. Na riga na saya masa akwatin magani, yana nan a bayan motarsa.

Wassalam. Naku,
Wani tsohon malamin makaranta,
Birnin Kebbi, Jihar Kebbi.