Mu zauna da samarinmu kafin bes ya zauna da su

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da 'yan uwana iyaye maza na zangon Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase da Sawaba. Ni tela ne, ina da samari a gida, ina kuma da yaran shago masu koyon ɗinki, yawancinsu ba su kai shekara 20 ba.

A gidajenmu, tun ranar da yarinya ta fara al'ada ake yi mata magana. Uwa ta yi, goggo ta yi, kaka ta yi, malamar makaranta ta ƙara. Shi kuwa namiji, da muryarsa ta buɗe sai a ce ya girma, a ba shi ɗakin ƙofar gida, a saya masa waya, shi ke nan. Ba mai zaunar da shi ya tambaye shi ko akwai wadda yake so. Alhali duk yarinyar da muke cewa ta lalace, da ɗan wani ta lalace, kuma ɗan nan a gidan ɗayanmu yake kwana.

In uba ya yi shiru, bes, wato majalisar da samari ke zama a unguwa, ba ya shiru. Ban ce bes duk sharri ne ba, su ne ke haƙa mana kabari, su ke ɗaukar kujeru ranar suna. Amma a kan bencin nan, ana shan ataya ana gardamar ƙwallon Ingila, wani mai shekara 25 da bai ajiye iyali ba shi ke koya wa ɗanka cewa namiji shi ne mai 'yan mata uku, kuma mace ba ta jin magana sai ta ga saƙon MoMo, wato kuɗin da ake turawa ta waya. Daga nan yaro ya fara neman kuɗi ido rufe: ya bar aji ya hau pragya, wato babur mai ƙafa uku na haya, ko ya faɗa cacar ƙwallo a waya.

Akwai abin da ko don tsoron hukuma ya kamata yaro ya ji daga bakin ubansa. A dokar laifuffuka ta Gana ta 1960, kwanciya da wadda ba ta kai shekara 16 ba laifi ne ko da da yardarta, hukuncinsa ɗaurin shekara 7 zuwa 25. Dokar tsaron intanet ta 2020 ta sa ɗauri a kan yaɗa hoton tsiraicin wani ba da izininsa ba, abin da samari ke turawa juna a WhatsApp suna dariya. Masu cewa in ta ɓaci sai a ɗaura musu aure a rufa asiri, su sani dokar yara ta 1998 ta hana aure ƙasa da shekara 18. Ranar da 'yan sandan DOVVSU, sashen da ke kula da cin zarafin mata da yara, suka zo ƙofar gida, ba bes za su tambaya ba. Kuma tun 2017 da aka fara sakandare kyauta, yaranmu da yawa suna tafiya makarantar kwana da shekara 15. Mukan cika musu akwati da gari da shito da sukari, mu bar wannan maganar a gida.

Na san abin da za a ce: kunya. Ni ma ba na kiran sunan ɗan farina. Amma in bakin uba ya yi nauyi, ina kawu, ina baffa? Aikinsu ke nan tun kaka da kakanni. Kuma ba mu fi Manzon Allah (SAW) kunya ba. Imam Ahmad ya ruwaito cewa wani saurayi ya zo masa yana neman izinin zina, jama'a suka taso masa, shi kuwa ya ce ya matso kusa. Ya tambaye shi ko zai so a yi wa mahaifiyarsa, ko 'yarsa, ko 'yar uwarsa, sannan ya ɗora masa hannu ya yi masa addu'a. Bai kore shi ba, bai kuma tona shi ba.

Ni a shago nake yin nawa, da dare, ina yanka yaro yana guga, don saurayi ya fi sakin baki in ba a kafe shi da ido ba. Nakan tambaye shi 'yar gidan wa ce, kuma mutanen gidansu sun san da shi? Nakan ce masa kada ya yi alkawarin aure yana cin tuwon uwarsa. In ta ce a'a, a'a ce, ba a binta lungu. Kada ya nemi hoto, kada ya tura nasa. In kuma wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, ni zai fara gaya wa, ba abokin da zai raka shi kantin magani neman ƙwayar da za ta iya kashe 'yar mutane ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne wanda ba ma lissafawa sam. Yaro ya so tsararsa tun suna makarantar allo, so na gaskiya, bai taɓa ko hannunta ba. Ta kai 19 ko 20, wani mai hali ya fito, aka sa rana. Shi ko injin ɗinki nasa na kansa bai mallaka ba. Na ga yaron shagona a irin wannan hali ya daina cin abinci, ɗinkinsa ya karkace, a gida kuma ana cewa zazzaɓi ne. Da na matsa, sai ya ce, "Baba, in na faɗa dariya za a yi mini." Gaskiya ya faɗa, dariyar muke yi, mu ce namiji ba ya kuka a kan mace. Daga irin wannan ne wasu ke fara shan tiramol, wasu su ƙullaci mata gaba ɗaya, har matar da za su aura gobe ta girbi abin da ba ta shuka ba. Yaron nan ba wa'azi yake bukata a ranar ba, wanda zai saurare shi ba tare da raini ba yake nema.

Ina roƙon limamanmu su ware huɗuba guda su fuskanci iyaye maza da wannan batu, don huɗubar shigar 'yan mata mun sha ji. Kai kuma Edita, ka buɗe wa samarin fili a shafinka su rubuto tambayoyinsu ba tare da suna ba, malami da likita su riƙa amsawa.

Wassalam.

Mai karatunka,
wani tela daga Aboabo, Kumasi