Ba Kowane Gyaran Haƙora Ke Ba Da Sakamako Ɗaya Ba

Ya Edita,

Ina roƙon fili in ja hankalin iyayen da ke kai 'ya'yansu a ɗaura musu wayar daidaita haƙora. Haƙoran da suka ɗan cunkushe sukan miƙe cikin shekara 1 zuwa 2, amma idan muƙamuƙin ƙasa ya zarce na sama, ko fiƙa ta maƙale cikin ƙashi ta ƙi fitowa, aikin yakan ja lokaci, wani sa'in sai an haɗa da tiyata. A ma'aunin PAR na Birtaniya, na 1992, wanda likitoci ke auna rashin daidaiton haƙora da shi kafin gyara da bayansa, mai babbar matsala ya fi samun canji, ko da yake da wuya jerin haƙoran nasa ya daidaita tsaf. Ya kamata likitoci su riƙa fayyace wannan kafin a biya kuɗi.

Naku,
Mai karatu daga Kano