Rage karan sigari ba ya ceton zuciya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin gyara wata fahimta da ta yi katutu tsakanin masu shan taba sigari: wai wanda ya sauko daga kwali guda zuwa kara biyu ko uku a rana ya tsira. Huhu kan ɗan samu sauƙi da wannan ragi, amma zuciya da jijiyoyin jini ba haka lissafinsu yake ba. Nazarin da mujallar likitoci ta BMJ ta wallafa a 2018 ya nuna mai shan kara 1 tak a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya da mai shan kara 20 yake ɗauke da shi.

Dalili shi ne hayaki kaɗan ya isa ya sa jini ya yi danƙo, ya riƙa saurin daskarewa. Sinadaran hayakin kuma suna ƙuje shimfiɗar da ke cikin jijiya, kitse ya samu wurin maƙalewa, hanya ta riƙa tsukewa kamar bututun ruwan da tsatsa ta ci. Ranar da wannan tarin kitse ya tsage, gudan jini kan taru a kansa cikin mintuna ya rufe hanyar ruf. In a jijiyar zuciya ne, tsokar zuciya ta fara mutuwa. In a ta ƙwaƙwalwa ne, sai shanyewar ɓarin jiki. Ga nikotin, sinadarin da ke cikin taba, yana ɗaga hawan jini yana hanzarta bugun zuciya, ga iskar kabon monoksaid, gubar da ke cikin hayakin, tana kama jini da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Wato an ƙara wa zuciya aiki, an kuma rage mata iska. Masu zuƙar shisha su sani gawayin da ke kanta babban tushen wannan iska ne, kuma ruwan tulun ba ya tace ta.

Abin da ya fi damun mu shi ne ƙafa, domin ba a cika maganarta ba. Mai shan taba da sha-raɓarsa ke ƙullewa in ya yi 'yar tafiya, ta saki in ya tsaya, ba gajiya ba ce, jini ne ba ya isa. Daga nan sai sanyin yatsu, sai gyambon da ya ƙi warkewa, in an haɗa da ciwon suga abin kan kai ga yanke ƙafa. Raunin mazakuta ma sau da yawa daga wannan tsukewar jijiya yake, kuma yakan riga ciwon zuciya bayyana. Nauyin ƙirji mai haɗe da gumi, mai sauka hannu ko haɓa, yana iya zama alamar ciwon zuciya, kada a ce olsa ce a zauna gida, a garzaya asibiti.

Mafita ita ce dainawa ɗungurungum, kuma jiki na saurin amsawa. Cikin awa 12 kabon monoksaid kan koma daidai, cikin mako 2 zuwa 12 gudanar jini kan inganta, bayan shekara 1 haɗarin ciwon zuciya kan ragu da kusan rabi. A tsayar da rana, a kawar da kwali da ashana, a sanar da iyali. Kwanaki 3 na farko su ne masu tsanani, ƙishin tabar kuma kan lafa cikin 'yan mintuna in an jinkirta. Masu sha da yawa su nemi likita ya duba yiwuwar ba su filastar nikotin ko cingam ɗinsa. Inda aka fi faɗuwa shi ne karan "ɗaya kawai" a majalisa ko teburin mai shayi.

Dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara da sayar wa 'yan ƙasa da shekara 18, amma kusan kowace tireda tana yi a fili. Muna roƙon wakilanka su tambayi hukumomi dalilin da ya hana aiki da ita.

Naka,
Wasu ma'aikatan lafiya masu kula da masu ciwon zuciya