Kafin Mu Ce “A Kai Su Hague”: Me Dokar Yaƙi Ta Tanada, Wa Kuma Zai Yi Hukunci?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in yi tsokaci kan wasu kalmomi uku da suka zama ruwan dare a bakunanmu: laifin yaƙi, cin zarafin bil'adama da kisan ƙare dangi. Duk lokacin da bam ya faɗa wa ƙauye, ko 'yan bindiga suka yi wa gari ƙawanya, sai ka ji an jero su ukun a numfashi ɗaya, a rufe da cewa a kai maganar kotun hukunta manyan laifuka ta duniya (ICC) da ke Hague. Zafin ran da ke sa a faɗi haka yana da dalili. Amma kowace kalma a cikinsu tana da nata sharuɗɗan a shari'a, kuma wanda ya shigar da ƙara da sunan laifin da bai dace ba, shi da kansa ya buɗe wa wanda ake tuhuma ƙofar fita.

Dokar yaƙi ba ta tambayar wa ke da gaskiya a rigimar. Damuwarta ita ce yadda ake gudanar da faɗan, kuma tana hawa kan kowane ɓangare daidai wa daida, gwamnati ce ko 'yan tawaye. A rubuce, tushenta na zamani ya faro ne bayan yaƙin Solferino a Italiya a 1859, inda Henry Dunant ya ga dubban sojojin da aka raunata an bar su a fili babu mai ba su ko ruwa. Daga nan aka kafa ƙungiyar Red Cross a 1863, aka ƙulla yarjejeniyar Geneva ta farko a 1864. Waɗanda ake aiki da su yau guda huɗu ne, na ranar 12 ga Agusta 1949: ta masu rauni a tudu, ta masu rauni a teku, ta fursunonin yaƙi, da ta fararen hula. Ƙasashe 196 sun amince da su. A 1977 aka yi musu ƙari biyu. Mai karatu musulmi ba zai ji baƙon abu a ciki ba, domin ya san wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunar da ya tura Sham: kada a kashe mace ko yaro ko tsoho, kada a sare itace mai 'ya'ya, kada a rushe gari, kada a yanka dabba sai don ci.

Abin da ya fi shafar mu shi ne rikicin cikin gida. Sashe na 3, wanda yake iri ɗaya a yarjejeniyoyin nan huɗu, ya haramta kashe wanda ba ya cikin faɗa ko wanda ya ajiye makami, ya haramta azabtarwa, garkuwa da mutane, wulaƙanci, da zartar da kisa ba tare da shari'a ba. Sai dai ba kowane tashin hankali ne doka ke kira yaƙi ba. Kotun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa kan yaƙin tsohuwar Yugoslabiya ta shimfiɗa ma'auni biyu tun daga shari'ar wani mai suna Tadic: tsananin faɗan da daɗewarsa, da kuma tsarin ƙungiyar, wato tana da shugabanci, tana iya ba da umarni a bi, tana iya shirya hare-hare. Rikicin Boko Haram ya cika waɗannan sharuɗɗa. Kan 'yan bindigar Zamfara da Katsina kuwa masana na jayayya, saboda ƙungiyoyi ne barkatai da ba su da shugaba ɗaya. Jayayyar tana da nauyi ƙwarai. Idan ba yaƙi ba ne a idon doka, to dokar kare haƙƙin ɗan Adam ce ke aiki, kuma ita ta fi tsanani: jami'in tsaro ba shi da ikon harbi don kisa sai don kare rai daga haɗarin da ke gabansa.

Idan kuwa yaƙi ne, ƙa'idoji uku ne ƙashin bayan komai. Ta farko rarrabewa: a kai hari kan mayaƙa da kayan yaƙi kaɗai. In an yi shakka ko mutum mayaƙi ne ko farar hula, a ɗauke shi farar hula. Masallaci, coci, makaranta ko gida, in an yi shakka, a ɗauka yana nan a matsayinsa na farar hula. Ta biyu daidaito: ko da abin da aka nufa na soja ne, a fasa harin in ɓarnar da ake tsammanin zai yi wa fararen hula ta wuce kima idan aka auna ta da ribar sojan da ake nema. Ta uku taka-tsantsan, kuma nan ne aka fi yin tuntuɓe. Kafin kwamanda ya ce a saki bam, dole ya yi duk abin da zai yiwu ya tabbatar da abin da yake gani, ya zaɓi makami da lokacin da za su rage ɓarna, ya yi gargaɗi in hali ya ba da dama, ya kuma dakatar da harin ko da jirgi ya riga ya tashi, muddin ta bayyana jama'a ce a wurin.

Mu auna wannan da abubuwa biyu da hukumomi da kansu suka amsa. A ranar 17 ga Janairu 2017 jirgin yaƙin Najeriya ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira a Rann, har ma'aikatan Red Cross na cikin waɗanda suka rasu. A ranar 3 ga Disamba 2023 jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya kai hari kan masu Maulidi a Tudun Biri, a ƙaramar hukumar Igabi. An ce kuskure ne. A shari'a wannan kalmar mafarin bincike ce. Wane bayanin sirri aka dogara da shi, kuma na yaushe ne? An tuntuɓi sojojin da ke ƙasa ko masu unguwanni? Sansanin yana cikin taswirar wuraren da aka hana taɓawa? Minti nawa aka ɗauka ana kallon taron kafin harbi? Wa ya ba da izini? Ga mai kallo daga sama, cikin dare, taron biki da taron 'yan bindiga duk inuwoyi ne masu motsi, shi ya sa doka ta ɗora nauyin tabbatarwa kan mai harbi. Gaskiya ta wajaba a nan: kafin a kama mutum da laifin yaƙi sai an nuna niyya da sani. Sakaci kaɗai ba lallai ya kai wannan matsayi ba, amma ya isa ya zama keta doka da ke wajabta wa gwamnati bincike na gaskiya, ladabtarwa da biyan diyya.

Laifin yaƙi, saboda haka, sai akwai yaƙi, kuma aikin yana da alaƙa da shi. Kisan fursuna ɗaya tak ya isa. Cin zarafin bil'adama ba ya buƙatar yaƙi, amma sai an nuna hari mai faɗi ko mai tsari kan fararen hula, bisa manufar wata gwamnati ko ƙungiya. Kisan ƙare dangi, wanda yarjejeniyar 1948 ta fayyace, shi ya fi wuyar tabbatarwa. Yawan gawa bai wadatar ba. Sai an nuna nufin shafe wata al'umma, gaba ɗaya ko wani ɓangare nata, saboda ƙasarta, ƙabilarta, launinta ko addininta. A shari'ar Akayesu, wani tsohon magajin gari a Ruwanda, a 1998 kotun Majalisar Ɗinkin Duniya kan kisan Ruwanda da ta zauna a Arusha ta Tanzaniya ta fara yanke hukunci kan wannan laifi, ta kuma ce fyaɗe na iya zama hanyar aikata shi.

Tun shari'ar shugabannin Nazi na Jamus a Nuremberg daga 1945 zuwa 1946 aka kafa cewa mutum ne ke amsa laifinsa, ba ya ɓuya a bayan tuta. “Umarni aka ba ni” ba ya wanke soja in haramcin umarnin a fili yake. Kwamanda kuma yana amsa laifin yaransa in ya sani, ko ya kamata ya sani, amma bai hana ba, bai hukunta ba. Tabbatar da wannan akwai wuya: an sami Jean-Pierre Bemba na Kwango da laifi ta wannan hanya a 2016, aka wanke shi a ɗaukaka ƙara a 2018.

Kotun ta Hague an kafa ta da yarjejeniyar Roma ta 1998, ta fara aiki ranar 1 ga Yuli 2002, kuma ba ta duba abin da ya faru kafin wannan rana. Ba ta yanke hukuncin kisa. Iyakarta shekara 30 ko ɗaurin rai da rai. Ta ɗaure Thomas Lubanga shekara 14 kan sa yara 'yan ƙasa da shekara 15 aikin soja. Ta ɗaure Ahmad al-Faqi al-Mahdi shekara 9 kan rushe hubbaren waliyyan Tumbuktu. Amma ba ta da ɗan sanda ko ɗaya. Ta ba da sammacin kama Umar al-Bashir a 2009 da 2010 kan Darfur, ya zo Abuja a 2013 ya koma gida lafiya. Abin da jama'a suka fi mantawa shi ne sashe na 17 na yarjejeniyar Roma: kotun ba ta karɓar shari'a sai in ƙasar da abin ya shafa ta ƙi, ko ta gaza, yin bincike na gaskiya. Kotun gida ce ta farko a layi.

Nan ne gizo ke saƙa. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Roma a 2001, amma sashe na 12 na tsarin mulkin 1999 ya ce yarjejeniya ba ta zama doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka, kuma an yi ta kawo ƙudirin yana mutuwa a hanya. Dokar Geneva da muke da ita ta 1960 ce, ta girmi ƙarin 1977, kuma manyan laifukan da ta tanada na yaƙi tsakanin ƙasa da ƙasa ne. Shi ya sa da aka fara shari'ar waɗanda ake zargi da Boko Haram a Kainji a 2017, dokar ta'addanci aka yi amfani da ita, akasarin tuhumar kuma zama ɗan ƙungiya ne ko taimaka mata. Matar da aka sace aka aurar da ita dole ba ta ji an ambaci abin da aka yi mata da sunansa ba. A Disamba 2020 mai gabatar da ƙara ta kotun Hague a lokacin, Fatou Bensouda, ta ce akwai dalilin da ya isa a buɗe bincike kan Boko Haram da kuma jami'an tsaron Najeriya. Ina ganin abin kunya ne mu zauna muna jiran Hague. Afirka ta nuna tana iyawa: a Dakar aka yanke wa Hissène Habré na Cadi ɗaurin rai da rai a 2016, bayan waɗanda ya zalunta sun shafe shekaru suna tara shaida da takardun 'yan sandan sirrinsa.

Don haka kirana biyu ne. 'Yan majalisarmu, musamman na Borno, Yobe, Zamfara da Kaduna, su ɗauko ƙudirin nan su kai shi ga ƙarshe, a sa laifukan rikicin cikin gida da alhakin kwamanda a cikinsa. Jama'a da 'yan jarida kuma su riƙe shaida da kyau, domin shari'o'i da yawa a nan suke rushewa. Hoton bidiyo da aka yi ta turawa a WhatsApp yana rasa bayanan rana da wurin da aka ɗauke shi, don haka a adana na asali a wayar da ta ɗauka, a kwafe shi ba tare da yanka ko ƙara rubutu ba. A rubuta rana, lokaci, sunan gari, sunayen mamata da shekarunsu kafin a manta. A ɗauki hoton ɓaraguzan makami a inda suka faɗi, kada a taɓa su, domin wani bai gama fashewa ba. A ji bayanin kowane shaida shi kaɗai, ba a cikin taro ba, don kada lauyan wanda ake tuhuma ya ce baki suka haɗa. Kada kuma a wallafa sunan shaida ko fuskarsa sai da yardarsa, bayan an yi masa bayanin haɗarin da ke ciki.

Na gode da wannan dama.

Naka,
Wani mai nazarin dokokin ƙasa da ƙasa