Mai Kulob Ya Bar Masu Aiki Su Yi Aikinsu

Ranka ya daɗe Edita,

Har yau mu magoya bayan Sacramento Kings, kulob ɗin ƙwallon kwando na gasar NBA ta Amurka, muna ta musu kan mai kulob ɗin, Vivek Ranadivé. Wasu na cewa ai kuɗinsa ne, shi ya sayi kulob ɗin a 2013 ya hana a kai shi Seattle, to wannan mun gode, amma don Allah sayen kulob ai ba shi ne sanin ɗan wasa ba. A 2014 mun gan shi a bidiyo cikin ɗakin zaɓen sababbin 'yan wasa yana ta nanata sunan wani ɗan wasa, Nik Stauskas, aka ɗauke shi na 8 alhali Zach LaVine na nan zaune sai na 13 aka ɗauke shi, kaka ɗaya tal aka tura Stauskas Philadelphia. Wallahi abin na min ciwo, shekara 16 fa muka yi ba mu leƙa wasannin fidda gwani ba.

Naku,
Wani masoyin Kings