Wasiƙar Godiya ga Ma'aikatan da Suka Juye Mana Tsofaffin Kaset na Bidiyo Kan Faifai

Zuwa ga shugaba da ɗaukacin ma'aikata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin godiyar da na yi muku baki da baki ranar da na karɓi faya-fayaina ba ta kai girman aikin da kuka yi mini ba, alhali kuwa yaba kyauta tukuici ne.

Na zo muku da kwali ɗauke da kaset 23 na VHS waɗanda mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bari. Na'urarmu ta gida mai kunna kaset ɗin ta daɗe da mutuwa, sabuwa kuma ba ta samuwa, tun da kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera ta, ya dakatar da aikin a 2016. Kafin in same ku na yi aron na'ura na haɗa ta da mai naɗa a DVD, amma sai na ga hoton wasu kaset yana yin haske yana yin duhu kamar fitilar da manta ya kusa ƙarewa, wasu kuma mai naɗin ya ƙi karɓarsu sam, yana cewa an hana kwafarsu. A zatona ɗan harshen robar nan da ake karyewa a gefen kaset ne matsalar, har na bi ramukan na toshe da salatif.

Ma'aikacinku da ya tarbe ni ya zaunar da ni ya fahimtar da ni cewa wancan rami aikinsa kawai hana a naɗi wani abu a kan abin da ke cikin kaset. Kariyar da ta hana ni kwafa kuwa ita ce Macrovision, wadda aka soma sanya wa kaset na kasuwa a tsakiyar shekarun 1980. Wasu sigina ne ake ɓoyewa a ɓangaren hoton da talabijin ba ya nunawa, sai su ruɗa sashen na'urar naɗi mai daidaita ƙarfin hoto, shi ya sa kallo yake tafiya lafiya lau amma kwafi ya lalace.

Abin da ya fi sa ni ɗaukar alƙalami shi ne yadda kuka kasa kaset ɗin kashi uku a gabana. Fina-finan kasuwa guda tara kun ce ba za ku taɓa su ba, domin haƙƙin mallakarsu na masu su ne, kuka taimaka mini na gano waɗanda aka sake fitarwa a faifai in saya ta halal. Ba zan ɓoye muku ba, a ranar raina ya ɗan sosu, amma da na kwana na tashi sai na ga cewa mai tsare haƙƙin wanda ba ya nan shi ne ya cancanci in ba shi amanar kayana. Kaset shida na laccocin da ƙungiyar sana'ar mahaifinmu ta buga da kariya, waɗanda shi kansa ya yi jawabi a cikin biyu daga ciki, kun nemi in kawo izini a rubuce daga ƙungiyar, kuma ba ku sa musu hannu ba sai da takardar ta iso. Sauran takwas namu ne na gida, babu wata kariya a kansu. Tsufa ne ya sa siginarsu ta yi rawa har mai naɗin ya ɗauka an kulle su, kuka bi da su ta na'urar daidaita sigina hoton ya tsaya cak.

Na ga da idona yadda aka yi da kaset ɗaya da fumfuna ta yi wa fari fat ta cikin tagarsa. An kwance shi, an goge zaren a hankali, an mayar da shi cikin wani gida mai lafiya kafin a kusanta shi da na'ura. Kaset masu awa uku kuma ba ku matse su a faifai ɗaya ba, tun da faifan DVD mai gigabait 4.7 abin da yake ɗauka da kyau bai wuce kimanin awa biyu ba. Kun raba su gida biyu, kuka rubuta abin da ke cikin kowanne. Kun kuma faɗa mini gaskiya cewa wasu mintoci a farkon wani kaset sun riga sun tafi, ba za su dawo ba, sannan kuka ba ni shawarar in ajiye kwafi na biyu a wani ma'aji daban, domin shi ma faifai yana karcewa.

Daren da na kai faya-fayan gida, mahaifiyarmu ta ji muryar mijinta karon farko cikin shekara 11, ta ce a mayar mata da wurin da yake dariya har sau uku. Ita ce ta ce lallai in isar muku da godiyarta tare da tawa. Allah ya saka muku da alheri, ya sa albarka a sana'arku.

Wassalam,
Ɗaya daga cikin abokan cinikinku